Kama da Wane Ba Ta Wane: Darasin Polanci da Jojiyanci ga Mai Nazarin Hausar Gana

Ɗalibin Hausa na iya tambayar me ya haɗa shi da harsunan Polan da Jojiya. Ra'ayina shi ne, kwatanta waɗannan harsuna biyu hanya ce mai sauƙi ta gyara wani kuskure da ya zama ruwan dare a tsakaninmu, wato auna zumuncin harsuna da abin da kunne ya fara ji, har a yanke wa Hausar Salaga da Yendi da Bawku hukuncin cewa gurɓatacciya ce.

Wanda ya dubi Polanci da Jojiyanci daga nesa zai ɗauka 'yan gida ɗaya ne. Dukansu suna jera baƙaƙe uku ko huɗu ba wasali a tsakani, kuma a kowanne suna yana da sigogi bakwai gwargwadon aikinsa a cikin jumla. Ƙasashen biyu sun ɗanɗani mulkin Rasha: gabashin Jojiya daga 1801, birnin Warso daga 1815. Duk da haka ba su haɗa kaka ba. Polanci ɗan'uwan Rashanci ne a cikin babban iyalin Indo-Turai, shi ya sa biyu da uku a cikinsa, "dwa" da "trzy", suka yi kama da "deux" da "trois" na Faransanci. Mutumin Jojiya kuwa "ori" da "sami" yake cewa, domin harshensa na wani ƙaramin iyali ne na yankin duwatsun Kokasus, wanda ba a tabbatar masa da dangi a waje ba. A can, "mama" uba ne, uwa kuwa "deda".

To, mu shigo da Hausa. Jojiyanci yana da baƙaƙe tunkuɗau, irin ƙ da ts namu na "ƙasa" da "tsuntsu", Polanci kuwa ba shi da su. Polanci yana da jinsi, har uku ma, yana bambanta "on" (shi) da "ona" (ita). Jojiyanci ba ruwansa da jinsi: kalma ɗaya, "is", ita ce shi, ita ce ita.

A nan ne Hausar Gana ta shigo zancen. Fataucin goro ne ya kai Hausawa Salaga ta ƙasar Gwanja, suka kafa zango a can da kuma Yendi, fadar Ya Na na Dagwamba. A Bawku, kusa da iyakar Burkina Faso da Togo, Hausa ta zama harshen ciniki tsakanin ƙabilu. A bakin masu magana da yawa a waɗannan wurare, ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Jinsi ma ya shafe, sai ka ji "yarinya ya zo" da "riga ne". Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Dagbani na Yendi da Kusal na Bawku ba su da waɗannan baƙaƙe, kuma wakilin suna "o" ya ishe su ga mace da namiji. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Da za mu yi awo da waɗannan siffofi kaɗai, da sai mu ce Hausar Kano ta fi kusa da Jojiyanci a furuci, ta fi kusa da Polanci a jinsi, fiye da kusancinta da Hausar Salaga. Kowa ya san wannan magana ba ta kama hankali ba, tun da Bakano da mutumin zangon Salaga suna ciniki ba tafinta. Ashe ma'aunin ne ba daidai ba. Ma'aunin gaskiya shi ne kalmomin asali, irin na ƙirga da sassan jiki da dangi, sai tsarin aikatau da canjin sauti mai bin ƙa'ida. A Dagbani biyu da uku "ayi" da "ata" ne, ruwa kuma "kom". A Kusal "ayi", "atan" da "ku'om". Wannan zumunci ne na jini, domin duka biyun 'yan iyalin Gur ne. Sunayen ranaku irin su Atani da Alizumma da ake ji a Dagbani kuwa aro ne daga Larabci, kamar Litinin da Juma'a namu. Hausar zango kuma biyu da uku da ruwa take cewa, kamar ta Kano, domin 'yar iyalin Cadi ce gaba da baya.

Wani zai ce: ai jarrabawa da Daidaitacciyar Hausa ake rubuta ta, wanda ya rubuta "yarinya ya zo" zai faɗi. Gaskiya ne, kuma wajibi ne ɗalibi ya ƙware a ƙa'idar rubutu. Sai dai ƙa'idar rubutu yarjejeniya ce ta makaranta da ɗab'i, karin harshe kuwa tarihin al'umma ne. Ko a Zazzau ana jin "rigan" da "mota ne", ba wanda ya ce Zazzagawa ba Hausawa ba ne.

Akwai abin da ya kamata ya zaburar da mu. Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ya zauna a Salaga har yaƙin basasa na 1892 ya watsa garin, daga baya ya koma Kete Krachi inda ya rasu a 1934. Cikin waɗanda suka fi zurfafa bincike a kan rubuce-rubucensa akwai Farfesa Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warso, wanda ya wallafa littafi a kansa da Polanci a 1981, ya kuma fitar da zubensa na ajami a 2000. Mutumin Polan ya ga darajar abin da aka rubuta a ƙasar Gwanja, mu masu harshen muna yi wa Hausar wurin dariya.

Shawarata ga mai neman batun kundi ita ce ya tattara kalmomin asali ɗari daga bakin mutanen Salaga da Yendi da Bawku, ya jera su gefen na Kano da Dagbani da Kusal, ya ware na gado daga na aro. Zai gano cewa Hausar garuruwan uku ma tana iya bambanta gwargwadon maƙwabcin kowanne, kuma wannan fili ne mai faɗi da ke jiran manoma.