Mu Dasa Lalle a Bakin Ajujuwanmu



Duk shekara idan damina ta faɗi, sai a ce kowa ya kawo fulawa a dasa a bakin aji. Ta yi kyau wata uku. Da hunturu ya shigo sai ta fara yaushi, kafin bazara ta bushe ƙurmus, sai duwatsun da muka jera kawai. Mu 'yan ƙananan aji mu ke shan wahalar ɗebo ruwa ranar leba, ga layi a rijiyar burtsatse, wani lokaci har darasin farko ya wuce mu. Shekara ta zagayo, a sake.

Ni a ganina mu dasa lalle. Da yawanmu ganyensa kawai muka sani, amma lalle yana fure, ƙanana farare masu ƙamshi, a tare kamar damtse a kan reshe. Akwai shi a bayan ɗakin kakata tun kafin a haife ni, rana ta buge shi tun safe har yamma, bai mutu ba. Rana yake so, kuma idan saiwarsa ta kama yana jure ƙishirwa.

Dasa shi ba ya cin kuɗi. A yanko reshe da ya ƙosa mai tsawon rula, a soka rabinsa cikin ƙasa a watan Yuni ko Yuli, a bar taku ɗaya tsakani. A ba shi ruwa a ranin farko kawai, a kare shi daga awaki. Idan ana aske kansa sai ya yi duhu ya zama shinge.

Na san maza za su ce lalle kayan mata ne. To, ƙamshin da zai shigo ta taga ba zai tambayi wa ke zaune ba. Wasu kuma sun ce 'yan mata za su tsige ganyen. Sai a sa doka: a yi aski sau ɗaya kafin Sallah, a shanya, a daka, a sayar, kuɗin su sayo tsintsiya da alli.

Muna roƙon malamin aikin gona ya ba mu bakin aji ɗaya mu gwada a daminar bana. Ni zan kawo rassa goma daga wurin kakata. Wa zai kawo fartanya?

Daga wata ɗaliba, aji biyu