Tattakin iyali a gindin Dutsen Zuma: me za a sa a jaka?



Duk wanda ya taɓa riƙe takardar Naira 100 samfurin da aka fitar a 1999 ya ga Dutsen Zuma, domin hotonsa ke bayanta. Mu mazauna Gauraka da Madalla da Suleja kuwa ba sai mun duba kuɗi ba, kullum muna wuce shi a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna. Mutane na ƙona mai tun daga cikin Abuja, har da Turawa, su zo ranar Asabar su zagaya gindinsa da ƙafa. Amma a unguwanninmu da wuya ka ji maigida ya ce wa iyalinsa su shirya gobe za a fita tattaki. Wasu ma yawon banza suke ɗaukarsa.

A wurina tattaki magani ne, kuma shi kaɗai ne maganin da nake ba mutane shawara a kai ba tare da sun biya ko sisi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce babba na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuma minti 60 a kowace rana. Yanzu ki duba gidanki, uwargida. Yara daga gida sai Keke Napep, daga makarantar boko sai Islamiyya, da daddare sai waya. Maigida ya fita tun asuba, ya share awanni a zaune cikin cunkoson Zuba da Kubwa, ya dawo ya ci tuwo ya kwanta. Ke kuma aikin gida ya gajiyar da ke, amma gajiyar tsayuwa a kicin daban take da motsin da zuciya ke so. Shi ya sa ƙwayoyin hawan jini da na ciwon suga suke cikin waɗanda suka fi saurin ƙarewa a kantarmu, kuma masu sayensu ba tsofaffi kaɗai ba ne.

Tafiya da ɗan sauri, in an dawwama a kanta, tana sauke hawan jini da 'yan maki, tana taimaka wa jiki ya sarrafa suga, tana gyara barci. Ba ta maye gurbin ƙwaya. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye shi don ya fara tattaki. Fita ɗaya a ƙarshen mako ma ba za ta cike gurbin sauran kwanaki shida ba. Amfaninta shi ne takan zama mafari: iyalin da suka ji daɗin fitar Asabar su ne ke fara takawa zuwa kasuwa ko masallaci maimakon tare ɗan acaɓa.

To ina za a je? Dutsen Zuma ya fi kusa, amma a gindinsa za a tsaya. Tsawonsa ya kai kimanin mita 300 daga ƙasan da ke kewaye da shi, sulɓi gare shi, kuma masu hawansa da igiya da ɗan jagora suke yi. Wannan ba aikin yara ba ne, ba kuma na mai hawan jini ba. Abin da ya dace da iyali shi ne hanyoyin gona da ke kewayen, kusa da gidajen mutane, inda ƙasa take a shimfiɗe. A yi minti 20 ana tafiya, a zauna a inuwa a ci abin da aka zo da shi, a nuna wa yara siffar fuskar mutum da ke jikin dutsen, a juyo. A ba su labarin yadda mutanen yankin suka riƙa fakewa a nan lokacin yaƙe-yaƙe, da yadda garin Suleja shi ne asalin Abuja kafin a ɗauki sunan a bai wa babban birnin tarayya bayan 1976. Yaro ba ya jin nisan hanya in ana ba shi labari. Kuma gonar mutane ce ake ratsawa, a yi sallama, a hana yara taɓa amfanin gona.

Mai mota yana iya miƙawa hanyar Minna zuwa magangarar ruwa ta Gurara, inda ruwa ke faɗowa daga tsayin kusan mita 30. Wuri ne mai kyau ƙwarai, amma nan na fi jin tsoro. Da damina ruwan na da ƙarfin da zai ja babban mutum, duwatsun kuma gansakuka ta rufe su. A kalla daga sama, a riƙe hannun ƙananan yara, kada a bar samari su sauka ɗaukar hoto a bakin ruwa. Da rani ruwan kan ja baya ya bar 'yan kududdufai masu jan hankalin yara. Ni dai ba na ba da shawarar shiga. Ruwan rafi da na tafki a ƙasar nan na iya ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke ratsa fata ba tare da an ji ba, sai bayan watanni a ga yaro na fitsari da jini. Tana da magani, sunansa praziquantel, amma da awon nauyi ko tsawon yaro ake bayar da shi, ba da ƙiyasi ba.

Maganar tsaro ba abin ɓoyewa ba ce. Yankin Tafa da Bwari da hanyar Kaduna sun sha fama da masu garkuwa da mutane a 'yan shekarun nan. Kafin a fita a tambayi mai unguwa ko 'yan banga halin da ake ciki a wannan makon. A haɗu gida biyu ko uku, kada a nutsa daji, kada a sanar a Facebook ko WhatsApp cewa gobe ana wuri kaza, hoton ya jira sai an dawo. In aka ce wurin babu lafiya, a haƙura a zagaya filin ƙwallon unguwa. Zuciya ba ta san bambanci ba.

Lokaci mafi kyau shi ne bayan gari ya waye, a dawo kafin ƙarfe goma. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba an fi jin daɗi. Watannin Maris da Afrilu zafi ya yi yawa, da damina kuma in hadari ya haɗo a bar kusa da dutse da dogayen itatuwa saboda tsawa. Ma'aunin sauri mai sauƙi ne: in kina iya hira kina tafiya amma numfashinki ya ɗan ƙaru, daidai ne. In magana ta gagara, a rage. Ciwon ƙirji ko jiri ko haki mai tsanani kuwa, a tsaya a nufi asibiti.

Yanzu mu zo ɓangaren da ya fi shafar sana'ata, wato jaka.

Ruwa ne farko, kowa da gorarsa, babba ya riƙe kamar lita ɗaya. A sa wa yara ido su riƙa kurɓa tun kafin su ce ƙishi, domin wasa kan ɗauke musu hankali. A jefa ƙunshin ORS biyu a jaka. In babu, a haɗa a gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. Yaro mai sikila shi ya fi kowa buƙatar wannan kulawa, don ƙishirwa da gajiya da shiga ruwan sanyi duk suna iya tayar masa da ciwo. Ba a hana shi fita, amma tafiyar kowa ta bi tasa.

Mai hawan jini ya sha maganinsa kamar kullum. Sai dai wanda ke shan irin ƙwayar da ke sa yawan fitsari, kamar Moduretic ko Lasix, ya sani jikinsa zai fi saurin bushewa, kuma in ya zauna hutawa ya miƙe a hankali saboda jiri. Mai ciwon suga shi ne ya fi damuna. In insulin kike yi ko kina shan glibenclamide, wadda da yawa suka fi sani da Daonil, to tafiya da cikin wofi na iya faɗar miki da suga. Alamunta su ne rawar jiki, zufa mai sanyi, yunwa kwatsam, bugun zuciya da ruɗewa. A karya kafin a fita, a riƙe alewa ko suga ko lemon kwalba mai zaƙi. Da an ji alamar a sha cokali uku zuwa huɗu na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo, a huta minti 15, sannan a ci abinci. In mutum ya suma kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi a gefe a garzaya asibiti. Maigida da manyan yara su san wannan, domin mai ciwon ba koyaushe yake iya faɗa ba. Da an dawo gida kuma a duba ƙafa, har tsakanin yatsu. Mai suga kan taka ƙaya bai ji ba, kuma ƙaramin miki irin wannan ne ke girma ya kai ga yanke ƙafa.

Shi ya sa takalmi ya zama rufaffe, kambas da safa, ga kowa. Silifas da takalmin kwalliya a bar su a gida. Hijabi ko abaya ba sa hana tattaki, a dai zaɓi marar nauyi wanda ba ya jan ƙasa. Mai asma ya sa inhelarsa ta Ventolin a aljihu, kada a bar ta a mota, musamman da hunturu lokacin ƙura da ƙonar daji.

Na ciwo, paracetamol ya isa, da filasta da bandeji da ruwan wanke rauni. Akwai ɗabi'ar da nake yawan gani, mutum ya haɗiye diclofenac ko ibuprofen tun kafin ya fita wai don kada jiki ya yi tsami. A daina. Waɗannan ƙwayoyi in suka haɗu da ƙarancin ruwa a jiki suna wahalar da ƙoda, suna tayar da olsa, suna kuma ɗaga hawan jini. Asfirin kuwa ba a ba yara.

Sai maciji, Allah Ya tsare. Lokacin kaka da ciyawa ta yi tsawo an fi haɗuwa da su. A bi hanyar da ƙafa ta riga ta fitar, a hana yara zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. In tsautsayi ya faɗa, kusan duk abin da muka tashi muka ga ana yi kuskure ne. Kada a ɗaure da igiya ko ɗankwali, kada a tsaga da reza, kada a tsotse, kada a tsaya neman baƙin dutse ko a bi macijin don a kashe. Ɗaurin da ake yi tamau yana kashe naman ƙafa, kuma ba ya tsayar da dafi. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura, a kwantar wa mutum da hankali, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa babban asibiti ba tare da ya taka ba. Dafin kububuwa, wadda ake wa kirari da gobe da nisa, hana jini daskarewa yake yi, mutum na iya zama garau a ranar farko sannan jini ya ɓalle daga dasashi ko fitsari. Don haka ko ibuprofen kada a ba shi, kuma kada a ce tunda ya ji sauƙi a koma gida. Allurar makarin dafi ce kaɗai maganinsa, kuma ba kowane asibiti ke ajiye ta ba. Tun kafin ranar fita, a tambayi ma'aikacin lafiya na kusa inda ake samunta a Suleja ko Gwagwalada.

Duk abin da na lissafa bai cika ƙaramar jakar makaranta ba, kuma yawancinsa yana gida. Mai juna biyu, da wanda aka taɓa cewa yana da ciwon zuciya, da wanda ya haura shekara 60 bai saba motsa jiki ba, su fara ganin likitansu kafin Asabar ɗin farko.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba magungunan tari da mura da ake ba yara da hunturu.