Wasa a Fili, Hukunci a Ɗaki

Ran 2 ga Disamba, 2023, a birnin Atlanta na Amurka, Jami'ar Alabama ta kara da ta Jojiya a wasan ƙarshe na rukunin jami'o'in kudu maso gabas, a irin ƙwallon nan tasu da ake runguma a sheƙa da ita. Jojiya ta zo da nasara 29 a jere, amma Alabama ta kayar da ita da maki 27 da 24. Ba mu da ja a nan, domin a idon jama'a aka yi.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne na kashegari, sa'ad da kwamitin mutum 13 ya zaɓi jami'o'i huɗu da za su nemi kambin ƙasa. Suka ɗauki Alabama, wadda Teksas ta riga ta doke har gida, suka bar Jami'ar Jihar Fulorida, wadda ta ci wasanninta 13 duka, har da na ƙarshe na nata rukunin. Hujjarsu, wai jagoran 'yan wasanta, Jordan Travis, ya karye a ƙafa. Ashe laifi ne ɗalibai su ci wasa ba gwaninsu? An ƙara guraben zuwa 12 a 2024, bayan an riga an danne wa samarin nan haƙƙinsu.