Fatake, A Riƙa Duba Ƙasa Kafin A Sauke Shanu

 Ina so in yi magana a kan abin da muke takawa kullum amma ba mu cika kula da shi ba, wato ƙasa.

Duk wanda ya taɓa ɗoro shanu daga Jibo ko Dori ya shigo ta Paga ya san yadda ƙasa ke sauyawa. A can arewa ruwan shekara bai fi milimita 500 ba. Iska ce ke aiki, ita ke tara rairayi ya zama jigawa. Da yake ruwa kaɗan ne, ba ya wanke gishirin ƙasa, shi ya sa makiyayan Nijar ke kai dabbobi lasa Ingal kowace damina. Ciyawar gajera ce, amma tana da albarka.

In ka wuce Tamale ka doshi Kintampo da Kumasi, labari ya sha bamban. A Kumasi ruwa kan kai milimita 1,400, damina biyu a shekara. Ruwan nan da zafi su ke ruɓar da dutse, su wanke gishiri, su bar jar ƙasa. In aka sare itatuwa rana ta buge ta, sai ta daskare ta zama marmara. Ciyawa har wuya, amma ba ƙarfi, ga ƙudan tsando mai kawo sammore. Saboda haka kada a yi wa shanu rowar kanwa a kudu.

To, Ankara fa? Ikon Allah, tana bakin teku amma ruwanta kusan milimita 800 ne kawai, alhali Axim tana samun sama da 2,000. Shi ya sa ake kiwo a filayenta. Amma akwai tarko: wajen Akuse da wasu sassan filin baƙar laka ce. Da rani ta tsage, hannu ma ya shige. Da damina ta kumbura ta riƙe ruwa. Ni kaina na taɓa hayar wuri a watan Janairu, na ga shi busasshe ƙayau. Da Yuni ta zo, shanu suka nutse har gwiwa, kofato ya ruɓe, na sayar da bijimai huɗu a kan hasara. Laifina ne, ban tambayi mutanen wurin ba.

Mu mazauna Nima da Mamobi mun san halin ruwa. In an yi sa'a biyu ana zubawa, babbar kwatar da ke tsakaninmu sai ta cika ta gangara Odo. Ba mu manta daren 3 ga Yuni 2015 ba, da ambaliya da gobara suka ci rayuka sama da 150 a Circle. Allah ya jiƙansu. Inda aka rufe ƙasa da siminti, aka toshe hanyar ruwa da shara, ruwa zai nemi hanyarsa.

Shawarata ga ƙungiya uku ce. Na ɗaya, kada a kama wurin ajiye shanu sai an je an gan shi da damina, a zaɓi tudu mai tsakuwa. Na biyu, a sa ɗan abu a kan kowane kai da aka sayar a karar Turaku, a zuba marmara, a haƙa magudana. Na uku, masu zuwa ta arewa a Agusta da Satumba su riƙa jin labarin sakin ruwan madatsar Bagre kafin su tashi.

Wani zai ce kuɗin ya yi yawa, kasuwa ba ta ja. Na ji. Amma a lissafa kuɗin sa guda da ya kwanta a taɓo, a ga wanne ya fi. Rigakafi ya fi magani.

A kawo maganar nan a taro mai zuwa. Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mana dukiya. Wassalam.