Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai: Raddi Ga Masu Auna Mota Da Gudu Kaɗai

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata gardama da ta zama ruwan dare a ɗakunan kwananmu da teburan mai shayi, wato gardamar wace mota ce ta fi kowace a duniya. Wannan ya ce Bugatti, wancan ya ce Koenigsegg, na gefe ya rantse sai Ferrari, kuma dukkansu hujjarsu ɗaya ce tak: kilomita nawa take yi a awa. Da zarar an ambaci lambar da ta fi girma sai a tafa, a ce magana ta ƙare. To ni na ce ko farawa ba ta yi ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan shafi shi ne, ƙurewar gudu ita ce mafi raunin ma'aunin da za a auna mota da shi, kuma mafi yawan kuɗin da ake zubawa a kanta kuɗin alfahari ne kawai.

Mu fara da sarauniyar masu wannan gardama, Bugatti Veyron, wadda kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar a 2005 daga masana'antarsa ta Molsheim a Faransa. Injinta mai silinda 16 ne, ƙarfinsa na dawaki 1,001, gudunta ya kai kilomita 407 a awa, kuɗinta kuwa ya haura dala miliyan ɗaya. Duk wannan gaskiya ne, ba na musu. Amma masu yabonta ba su cika faɗin ragowar labarin ba. Kafin ta yi wannan gudu sai an tsayar da ita cik, an sa wani makulli na biyu wanda zai sa ta duƙa ƙasa. In ta kai ƙurewa, tankinta mai cin lita 100 yakan ƙare cikin kimanin minti 12, tayoyinta kuma ba su jure fiye da kusan minti 15 a haka, alhali kuwa kuɗin sabbin tayoyi huɗu kaɗai ya isa mutum ya sayi sabuwar motar iyali. Wato darajar da ake ta kururuwa a kanta, darajar minti goma sha biyu ce.

Dalilin haka yana cikin ilmin kimiyyar da muka koya tun a sakandare. Mota mai gudu iska take tsagawa, iskar kuwa ba ta ba da hanya a banza. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska ta ninku sau huɗu, ƙarfin injin da za ka buƙata don ka rinjaye ta kuma ya ninku sau takwas. Saboda haka kowace kilomita da aka ƙara a can sama ta fi ta bayanta tsada nesa ba kusa ba. Ga lissafin a fili. Chevrolet Corvette Stingray ta Amurka, ƙirar 2020, an fara sayar da ita a kan dala 60,000 ba 'yan kai, tana yin kilomita 312 a awa, wato kowace kilomita ba ta kai dala 200 ba. Yayarta, Corvette ZR1, wadda ta yi kilomita 375 a gwajin 2024, an fara sayar da ita a 2025 a kan kimanin dala 175,000, wato ƙarin kilomita 63 ya ci dala 115,000, kusan dala 1,800 ke nan kowace ɗaya. Sai Bugatti Chiron ta 2016, mai kilomita 420, a kan yuro miliyan 2.4. Ƙarin kilomita 45 da ta yi wa ZR1 ya ci fiye da dala miliyan biyu, kowace ɗaya sama da dala 45,000. Da kuɗin Chiron guda ɗaya za ka jera Stingray arba'in a ƙofar gida. In akwai ɗalibin tattalin arziki da zai kira wannan ciniki mai riba, ya fito mu ji daga bakinsa.

Bayan haka sai mu tambaya, wai shin a ina za a yi gudun? Motar da ke kilomita 400 a awa tana cin mita 111 a daƙiƙa ɗaya, fiye da tsawon filin ƙwallo, kafin direba ya ƙifta ido. Wuraren da za su ɗauki wannan a duniya 'yan ƙalilan ne. Bugatti ta yi yawancin bajintarta a filin gwaji na Ehra-Lessien, mallakar Volkswagen, mai miƙaƙƙiyar hanya ta kilomita 8.7, wanda ba kowa ake buɗe wa ƙofarsa ba. Da Koenigsegg ta Suwidin ta so gwada Agera RS a Nuwamban 2017, sai da aka rufe mata wata babbar hanya a jihar Nebada ta Amurka. Ko a Jamus, inda wasu sassan manyan hanyoyi ba su da iyakar gudu, shawarar hukuma kilomita 130 ce, kuma Audi da BMW da Mercedes sun daɗe suna ɗaure yawancin motocinsu masu ƙarfi a kan 250. Da wani attajiri ɗan ƙasar Cek ya kai kilomita 417 da Chiron a hanyar Berlin zuwa Hanover a 2021, ma'aikatar sufuri ta ƙasar fitowa ta yi ta yi tir da shi. Mu nan gida Nijeriya kuwa, doka ta tsayar da ƙaramar mota a kan kilomita 100 a babbar hanya mai tagwayen layi. Wanda ya sayi kilomita 420 ya shigo da ita nan, ya biya kuɗin huɗu ne don ya mori ɗaya, in ma ramuka sun bar shi.

Abin da ya fi ban takaici shi ne, ita kanta lambar da ake taƙama da ita sau da yawa ba ita ake miƙa wa mai saye ba. A Agustan 2019 direba Andy Wallace ya kai kilomita 490 da wata Chiron da aka yi wa shiri na musamman, duniya ta ɗauka. Bugatti ta ƙera guda 30 da sunan wannan bajinta, ta sayar da kowace a kan yuro miliyan 3.5, amma waɗanda aka ba masu saye an ɗaure su a kan 440. Haka aka yi da Veyron Super Sport a 2010: ta yi 431 a gwaji, ta masu saye aka tsayar da ita a 415. Bugu da ƙari, gudun 2019 ta fuska ɗaya aka yi shi, alhali al'adar kafa tarihi ita ce a je a dawo a raba biyu, don kada iska ko gangare su taimaka, kamar yadda Agera RS ta yi ta sami 447. Kamfanin SSC na Amurka kuwa nasa ya fi muni. A Oktoban 2020 ya yi shelar cewa Tuatara ta yi kilomita 508. Sai masu kallo a intanet suka ɗauki bidiyon suka auna shi da alamomin gefen hanya, suka ga lissafi bai fita ba. A Janairun 2021 da aka sake gwadawa 455 aka samu, kuma a Yulin wannan shekara kamfanin ya amsa da bakinsa cewa motar ba ta kai abin da ya faɗa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ko lambar da ba ta da ƙarya a ciki ma, rawani ne na aro. A Satumban 2025 wata motar lantarki ta kamfanin BYD na ƙasar Sin, Yangwang U9 Xtreme, ta yi kilomita 496 a filin Papenburg na Jamus, ta shige gaban abin da Bugatti ta yi alfahari da shi shekara shida. Gaba da gabanta.

Masu kiwon dawaki sun riga mu sanin wannan magana. Ba a yabon doki don sukuwar miƙe kaɗai, sai an ga yadda yake jin linzami, yadda yake juyawa, da yadda yake tsayawa in an ja shi. Haka mota take. A Jamus akwai filin tsere na Nurburgring, mai tsawon kilomita 20.8 da kwanoni fiye da 70, da hawa da gangara, inda birki da taya da sitiyari suke magana tare da inji. Ku dubi abin da Porsche ta nuna a can da motocinta biyu 'yan ɗaki ɗaya. Porsche 911 GT3 ƙirar 2021 tana yin kilomita 318 a awa, ta zagaya filin cikin minti 6 da daƙiƙa 59.9. Ƙanwarta GT3 RS iyakar gudunta 296 ne, domin an ɗora mata ƙaton fiffike wanda ke danne ta ƙasa da nauyin kilo 860 in tana kilomita 285, amma a Oktoban 2022 ta zagaya filin cikin minti 6 da daƙiƙa 49.3. Wadda ta fi ƙarancin gudu a takarda ita ta riga isa da daƙiƙa goma. Injiniyoyi da gangan suka sadaukar da kilomita 22 don su sami mota mai sauri na haƙiƙa. Ina masu ƙure maleji da baki? Me za ku ce a nan?

Na san za a ce mini ai irin waɗannan motoci jari ne, darajarsu hauhawa take yi. To mu je kasuwar gwanjo mu gani ko gudu ake saye a can. Ferrari 250 GTO, wadda aka ƙera guda 36 tsakanin 1962 da 1964, gudunta bai wuce kimanin kilomita 280 ba, Stingray ta dala 60,000 za ta bar ta a baya, amma a 2018 an sayar da guda a kan dala miliyan 48.4. Mercedes 300 SLR mai rufi ta 1955, wadda biyu kacal aka yi, an sayar da ɗaya a kan yuro miliyan 135 a Mayun 2022. McLaren F1 ta Ingila, guda 106, ta kai kilomita 386 a 1998, an daɗe da shige ta, duk da haka a 2021 an biya sama da dala miliyan 20 a kan guda ɗaya. Ita kuwa Rimac Nevera ta Kuroshiya, mai aiki da lantarki, wadda ta yi 412 a 2022, an shirya ƙera 150, amma a 2024 mai kamfanin, Mate Rimac, ya ce waɗanda aka miƙa wa masu saye kaɗan suka haura 50. Ashe ƙaranci da tarihi da suna su ne ke ɗaga farashi. Hujjar jari, in an bi ta zuwa ƙarshe, masu ita take kayarwa.

Za a kuma ce wannan tsere yana ciyar da fasaha gaba. A nan zan yi adalci: ƙera tayar da ba ta tarwatse a kilomita 490 ba aiki ne na gwanaye, duk ɗalibin injiniya ya kamata ya cire musu hula. Sai dai gwaninta daban, dacewa da buƙata daban. Masu nazarin kasuwa na kamfanin Bernstein sun ƙiyasta a 2013 cewa Volkswagen yana asarar kimanin yuro miliyan 4.6 a kan kowace Veyron. Kamfani ba ya jure irin wannan asara sai don talla, wato motar allon talla ce mai taya huɗu, mu kuma da muke gardama a kanta mu ne 'yan shelar da ba a biya. Fasahar da ta fi burge ni ita ce wadda ta sauko da sauri inda mutane da yawa za su kai. Nissan GT-R ta Japan ta shiga kasuwar Amurka a 2008 a kan kimanin dala 70,000, ta zagaya Nurburgring cikin minti 7 da daƙiƙa 29, har Porsche, wadda 911 Turbo ɗinta ta kusa ninka ta tsada, ta fito tana jayayya da sakamakon. Mazda MX-5 kuwa, 'yar ƙarama mara nauyi da ta fito a 1989, ba ta taɓa neman rawanin gudu ba, amma a 2016 aka ƙera ta miliyan ɗaya, domin daɗin tuƙinta ana samunsa a gudun da doka ta yarda da shi.

Saboda haka in za a kwatanta motocin tsere, ga tambayoyin da mai hankali zai yi. Nawa ne daga cikin ƙarfinta za ka iya mora a hanyar da kake da ita? Yaya take a kwana, yaya kuma birkinta? Nawa za ta ci a shekara wajen mai da taya da gyara, kuma wane bakanike ne zai iya taɓa ta? A kan wannan mizani Corvette da Porsche 911 sun fi Chiron daraja, MX-5 ma tana da abin faɗa, ko da ran masu hotunan Bugatti a bango zai ɓaci.

Wani zai ce mene ne namu a ciki, mu da ko babur sai da bashi? Namu a ciki babba ne. Ɗalibin yau shi ne ma'aikacin da gobe za a ajiye wa takardun 'yan kwangila a gaba, ya zaɓi motar asibiti, ko injin ban ruwa, ko janareton makaranta, da kuɗin talakawa. Wanda ya saba tun yana ɗaki ɗaya da abokansa a ruɗe shi da lamba ɗaya mai girma, bai tambayi yadda aka auna ta ba, bai tambayi wa ya auna ba, bai tambayi kuɗin riƙo ba, to haka zai sa hannu a ofis, kuma ba aljihunsa ne zai yi kuka ba. Ku ci gaba da son motoci, 'yan'uwa, babu laifi a ciki. Amma in an sake kawo muku lamba, ku tambayi minti nawa take ɗorewa, a wace hanya, kuma a kan nawa. Mai kunne ya ji.