Abin da Ya Rage a Hannun Shugaban Makaranta a Falasɗinu



A wannan makon mun leƙa Falasɗinu, ofishin shugaban makarantar sakandare a Gaɓar Yamma da Kogin Jordan. Da safe bai san malamai nawa za su iso ba, domin shingen sojojin Isra'ila kan tsare mutum sa'o'i a hanya. Waɗanda suka iso ma, tun ƙarshen 2021 ba cikakken albashi suke karɓa ba, abin da ya jawo dogon yajin aiki a 2023. Ga kuma Taujihi na tafe, jarrabawar ƙarshen sakandare wadda da ita ake shiga jami'a.

Ba shi da iko da shinge, ba shi da iko da albashi. Abin da ya rage masa shi ne yarda cewa zai iya. A 1977 masanin halayyar ɗan Adam Albert Bandura ya bayyana cewa wanda ya amince da iyawarsa ya fi jurewa idan aiki ya yi tsauri. A 1978 kuma James MacGregor Burns ya bambanta shugaban da ke tafiyar da mutane da lada da horo, da wanda ke ɗaga himmarsu har su rungumi aikin a matsayin nasu.

A ganinmu, sai da yarda da kai ake samun irin wannan shugabanci na biyu. Shugaba mai shakkar kansa tsoron shawara yake yi, sai tsawa da takardar gargaɗi. Amma malamin da bai ga albashinsa ba, gargaɗi ba zai shigar da shi aji ba. Wanda ya yarda da kansa shi ke iya zama da malamai su sake jadawali tare, ya damƙa wa ƙaramin malami aiki babba, domin ya san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba mu ce yarda da kai tana tsayar da yaƙi ba. A 2024 ɗaliban Gaza ba su zauna Taujihi ba, kuma ba laifin shugabanninsu ba ne. Amma a 1988, da sojoji suka rufe makarantun Gaɓar Yamma, malamai da mutanen unguwa sun ci gaba da koyarwa a gidaje da masallatai.

Ku firifet da monitocinmu, idan aka karɓe bulala daga hannunku gobe, wa zai bi ku?

Allah Ya kawo wa Falasɗinawa sauƙi, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta