Alhakin Tsohon Kare

A ƙasar Gusau da Tsafe da Bungudu akwai wata mugunyar al'ada wadda ya kamata a bari. Mutum ya shekara 10 yana farauta da karensa a gindin Dutsen Kwatarkwashi, kare na kamo masa zomo, da dare yana tsaron awaki. Ran da tsufa ya zo, sankara ta fito masa, ƙari ya fashe yana wari, sai a kore shi da jifa, ya tafi juji ya mutu.

In an yi magana, sai maigidan ya ce ai kare najasa ne. Ina ya karanta haka? A mazhabar Imamu Malik kare mai rai tsarkakakke ne. Suratul Ma'ida ta halatta naman da horarren kare ya kamo. Buhari kuwa ya ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Watau ba addini ya hana ba, rowa ce da butulci.

Lalle sankarar da ta yaɗu ba ta warkewa. Amma jinyar ba wuya: inuwa, tsohon buhu, ruwa a kasko, da tuwo mai laushi cikin romo. A wanke gyambon da ruwan gishiri. Kada a ba shi ƙwayar ciwon jiki ta mutane, tana iya lalata masa ƙoda. In ya daina ci, yana kwana nishi, a kai shi wurin likitan dabbobi a Gusau, ya yi masa allurar da za ta hutad da shi.